Askin Karen Likita

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, kuma ba ni da wata sana'ar da zan koma mata idan wannan ta ƙi ni. Gonar da nake da ita a bayan Bodinga ba ta ciyar da gidana rabin shekara. Abin da ke riƙe da mu shi ne gidajen da na gada daga mahaifina, wasu a cikin gari, wasu a ƙauyukan da ke kewaye. Idan an yi haihuwa ni ake kira askin suna, idan yaro ya isa kaciya ni ne, idan bayan maigida ya riƙe ni ke kafa masa ƙaho. Babu takarda tsakanina da gidajen nan. Sun yarda da hannuna ne kawai, kuma ranar da suka daina yarda ba wanda zai zo ya sanar da ni.

Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya ƙi aska tun yana ƙarami. Ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa a tsugune gaban kawunan mutane ba. Ya koyi tuƙi, ya samu aiki a Sakkwato yana jan wata likita baƙuwa da ta zo daga ƙasar waje. Da aikinta ya ƙare za ta koma gida, takardun karenta ba su fito ba. Ta yi kuka, ta damƙa masa karen da jakar kayansa, ta haɗa masa da firij da katifa don ya riƙe amana. An ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A gidanmu ƙanena ne ya ci ladan, askin ya faɗo a kaina.

Da bazara ya kawo shi. Ina zaune a zaure ina wasa aska sai ga shi ya shigo da igiya a hannu, wani farin abu na bin sa da ɗage-ɗagen ƙafa. An aske masa fuska ƙwal, an aske ƙugu da cinyoyi har fata na nunawa, amma an bar tulin gashi a ƙirji da ka, an bar dunƙule a kowane idon sawu, an bar wani a ƙarshen wutsiya kamar tuntun hula. A tsakiyar kan kuma an ɗaura masa jan ƙyalle.

Na ce, "Wanga tunkiya ta ko kare?"

Ƙanena ya ce, "Yaya, kai dai ba ka san abin duniya ba. Fudul aka ce ma irinai. Wanga da kaka gani ya hi ka shiga jirgi."

Ban musa ba, don ban taɓa shiga ba. Na dubi askin da idon sana'a, na ga wanda ya yi shi gwani ne, layinsa a miƙe, babu inda hannunsa ya yi rawa. Amma kunya ta kama ni a madadin dabbar. Ko mahaukaci aka kawo mini ba na aske masa rabin kai in sake shi cikin kasuwa.

Inna, mahaifiyarmu, ta leƙo daga cikin gida ta yi masa kallo ɗaya. Ta ce, "Ba shi kwana gidan ga." Ƙanena ya fara bayani, ta riga ta juya. Aka rasa yadda za a yi, sai aka tuna da Kawu, ƙanen Inna, wanda ke kiwon shanu a rugarsu gaba da Kajiji. A can ana ajiye karnuka saboda garke, ba wanda zai ce komai.

Kawu dogo ne siriri, ba ya son dogon zance. Yana da jajayen karnuka uku, duka an yanke musu kunnuwa tun suna 'yan kwikwiyo, yadda ake yi a wajensu. Ƙanena ya ba ni labari cewa Kawu ya zagaya baƙon sau ɗaya, ya kwance jan ƙyallen ya miƙa masa, ya ce, "Aje shi. Kare dai kare na. Gashin za ya daidaita kainai."

A nan muka yi kuskuren, mu duka. Karen ƙasarmu ba a yi masa aski. Gashinsa na tsayawa inda ya tsaya, ya zubar da tsoho ya fito da sabo, ba ruwan kowa. Ba wanda ya san akwai karen da gashinsa ba ya zuba kuma ba ya daina tsawo. Ƙanena ya san likitar na kai shi wajen wani mutum duk wata, amma ya ɗauka iyayi ne irin na masu hali. Ya ajiye jakar kayan karen a ƙarƙashin gado ya shiga neman wani aikin.

Damina ta zo ta wuce ban tuna da shi ba. Sai da kaka, ana tsakar yankan gero, Kawu ya aiko in je in yi masa ƙaho. Na hau babur na bi ta Shagari, na sauka daga kwalta a Kajiji na kama turɓaya. Na gama aikina a gindin tsamiya, ina wanke ƙahonni, sai na ga wani abu ya fito daga bayan bukka yana tafe yana karo da turaku.

Ban gane shi ba sai da ya matso. Farin ya koma launin ƙasa. Gashin ya cukurkuɗe ya zama faifai-faifai masu tauri, ƙarangiya ta shiga ciki ta ɗinke shi daga wuya har wutsiya. Idanun sun rufe. Ƙafafun baya sun haɗu da juna ta wajen gashi, shi ya sa yake tafiya kamar an dabaibaye shi. Kunnuwan sun yi nauyi sun manne, ƙudaje na shiga suna fita, kuma warin ya riga shi isowa. Ya zo daidai ƙafata ya tsaya, bai yi haushi ba, bai kaɗa wutsiya ba.

Na ce, "Kawu, mi as samu dabbag ga?"

Ya ce, "Kunnuwan nan su ka kashe shi. Sati mai zuwa in yanke su kamar na sauran, iska shi shiga."

"Ba kunne na ba, gashi na. Aski shika so."

Kawu ya yi dariya ta hanci. "Aski? Kare? A bar shi yadda Allah yay yi shi."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ai da kunnuwansa Allah ya yi shi, don me bai bar su ba. Ban taɓa mayar wa Kawu magana ba sai ranar. Ya nuna ni da sandarsa ya ce, "To ga wanzami."

Na naɗe kayana na hau babur ban ko sha nonon da aka kawo mini ba.

Zan faɗi gaskiya a nan, ni ba na son karnuka. Ban so su da ba, ban so su yanzu ba. Amma kwana uku ina ganin abin nan a idona. Ina aske kan mutum sai in ga hannuna na lissafin ta inda zan fara da wancan gashin, ta wuya ko ta ciki. Na yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ba, na ture tuwo na ce ya yi gishiri. Haushin kaza, huce kan dami. A rana ta uku matata ta zaunar da ni, na gaya mata abin da ke damuna.

Ta ce, "Malam, kak ka tahi."

Na ce ba da askata zan yi ba.

Ta ce, "Wa za ya tsaya tambayak ka da mi kay yi? Gidajen ga da kaka shiga aro na. Mace ba ta miƙa ma jinjirin kwana bakwai in ta ji hannunka ya taɓa kare."

Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi. Na ce mata rugar Kawu ba kasuwa ba ce, ba wanda zai gani. Ta tashi ta ɗauki kwanonin ta fita.

Da safe na kira ƙanena na ce ya ɗauko jakar nan ya same ni a can, tunda karen ya san shi zai riƙe mini. Na tsaya a Shagari na sayi sabon almakashi irin na teloli da sabulun salo. Na yi niyyar kada ko ƙarfe ɗaya daga kayan aikina ya taɓa dabbar, kuma na cika niyyata. Abin da ban yi tunani ba shi ne zabira, jakar kayan askina. Wanzami ba ya fita ba zabira, kamar yadda dattijo ba ya fita ba hula. Shekara talatin tana rataye a kafaɗata, ban ma san na ɗauko ta ba sai da na isa na cire ta na rataye a reshen tsamiya, daidai saman inda zan yi aikin.

Kawu ya kawo igiya zai ɗaure ƙafafun huɗu a kayar da shi kamar maraƙin da za a yi wa lalas. Na ce a'a. Ya ce zai cije ni. Na ce in ya cije ni jikina ne. Na sa aka kifa wani tsohon turmi aka ɗora faifan katako a kai, na sa aka ɗumama ruwa, na roƙi man shanu kaɗan a ƙoƙo don ƙarangiyar ta saki. Matan rugar suka fito suka tsaya daga nesa suna rufe baki da gefen mayafi.

Da na ɗaga shi na ɗora a kan katakon, sai abin da ban zata ba ya faru. Ya ji ƙarar almakashi sau ɗaya, ya daidaita ƙafafunsa ya tsaya cak, ya ɗaga haɓa. Na san wannan tsayuwar. Tsayuwar wanda ya saba zama gaban wanzami ce, wanda ya san idan ya motsa shi zai ji ciwo. Na yi bisimilla, don ban iya fara aiki ba tare da ita ba, na kama haɓar da hannun hagu yadda nake kama ta kowa, na fara buɗe masa idanu.

Aikin ya ci mini lokaci tun hantsi har azahar. Gashin ba ya yankuwa daga sama, sai na zura bakin almakashi tsakaninsa da fata ina ɗagawa kaɗan-kaɗan. Yana fitowa falle-falle. A ƙarƙashi kaska ce jere, wasu sun ƙoshi har sun yi fari, ga miki a hammata da bayan kunne, ɗaya har da tsutsa. Duk inda na taɓa miki sai jikinsa ya yi rawa, amma bai janye ba. Da na zo ƙafar gaba, kafin in miƙa hannu ya ɗaga ta ya ba ni. Kawu da ke tsaye da igiyarsa ya ce, "Ikon Allah," ya je ya zauna.

Ina tsakiyar baya ƙanena ya iso, ya makara kamar kullum. Ya ajiye jakar, ya ciro waya ya nuna mini hoton karen ranar da ya fito daga wajen mai askinsa na birni.

Ya ce, "Yaya, haka za ka mai da shi. Ka bar dunƙulen ƙahwa da na wutsiya."

Na ce, "Kau da wayag ga daga gabana."

"Ai shi na adonai. In ka aske shi dut, mi ar rage? Ya koma karen ƙauye."

"Ƙauye shika zamne."

Ya ce zan lalata kare mai asali. Na ce masa mai asalin ne tsutsa ke ci watannin nan, shi kuwa yana Bodinga yana shan ruwan firij. Na ce dunƙulen da yake so shi ne tarkon ƙarangiya, kuma dabbar da ta tsaya mini haka ba zan mayar da ita abin dariya ba. Muka ɗaga murya har shanun da ke kusa suka ɗago kai. Kawu yana son ya rage masa kunne, ƙanena yana son ya ƙara masa tuntu, ba wanda ya tsaya ya dubi abin da ke damun karen. Na ci gaba da aikina, na daidaita gashin ko'ina tsawon gaɓar yatsa don kada rana ta ƙona fatar. Na wanke shi da sabulu, na share cikin kunnuwan, Kawu ya kawo maganin da yake fesa wa shanu a miki muka sa.

Da na sauke shi ƙasa ya tsaya kamar bai yarda ba. Ya ɗaga ƙafar baya ɗaya, ya ga ta rabu da 'yar'uwarta. Sai ya girgiza jiki tun daga kai har wutsiya, ya zuba da gudu ya zagaye garken sau biyu, jajayen karnukan na bin sa. Ashe doguwar ƙafa gare shi da siririn ciki, ƙirar mai gudu. Na ji daɗi ƙwarai, daɗin da na daɗe ban ji ba a kan aiki. Na haƙa rami na binne gashin yadda muke yi, na wanke hannuna sau bakwai har da ƙasa, na bar almakashin a wajen Kawu.

Ban lura ba ashe tun da muka gama faɗa ƙanena ya koma gefe yana ɗaukata bidiyo a waya. Da na gani na tambaye shi, ya ce likitar zai aika wa ta ga amanarta na nan. Ya rantse ba wanda zai gani sai ita.

Kafin sati ya zagayo hoton ya shiga Bodinga. Ya aika wa likitar, gaskiya ne, amma ya kuma nuna wa abokansa direbobi a tasha don su yi dariya, ɗaya ya ce a tura masa. Wani maƙwabcina ne ya nuna mini a wayarsa. Ga ni a tsugune, na kama haɓar kare ina juya ta, har ana jin bisimillar da na maimaita da zan shiga kunne. Ga zabirata a rataye saman kaina, wadda duk garin nan ya san ta tun tana kafaɗar mahaifina. Almakashin kuwa hannuna ya rufe shi, ƙyallin ƙarfe kawai ake gani.

Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi, don da na samu wanda zan yi wa bayani. Gaisuwa ce ta ƙara tsawo. Mutumin da ya saba zama a bencina ranar kasuwa sai ya tsaya daga bakin rumfa ya tambayi gida da iyali da gajiya da gona, ya shafa kansa da ya cika da suma, ya ce bari ya je ya dawo. Matasa masu babur idan na wuce sai ɗaya ya yi ɗan haushi ƙasa-ƙasa. Aka yi haihuwa a gidaje biyu daga cikin nawa, sai bayan suna na ji.

Na je wajen limamin unguwarmu, dattijon da nake aske wa kai duk Alhamis tun kafin gemunsa ya yi fari. Na durƙusa na ce, "Allah shi gahwarta Malam, na zaka da tambaya." Na kwashe komai na gaya masa, har almakashin da wankin hannu.

Ya saurare ni da kyau. Ya ce a mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da askar na yi amfani wanki ya isar, balle ban yi ba. Ya ce tausaya wa dabba aikin lada ne, kuma Allah ya ga niyyata.

Na ce, "To Malam, da ka hwaɗi haka bayan salla, mutane su ji."

Ya gyara zama ya ce, "Bari dai ƙura ta lahwa. Mutane sai a hankali."

Ranar Alhamis na je da kayana aka ce ya fita. Ranar Juma'a ina sahu na biyu, da ya ɗaga rawani zai gyara na ga kan a aske tas. Ban ji huɗubar ranar ba, Allah ya yafe mini.

Ƙanena kuwa da na tare shi cewa ya yi ai ya goge hoton daga wayarsa, me kuma nake so. Na ce ya bi wayoyin Bodinga da Shagari ya goge. Ya ce mutanenmu ne ba su waye ba, a birni masu askin karnuka har shago gare su. Na ɗaga hannu zan mare shi, Inna ta shiga tsakani. Ita ma ba ta ba ni gaskiya ba. Ta ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, kuma matata ta gaya mini ban ji ba. Duk wanda na juya wajensa yana da gaskiyarsa, ni kaɗai ne nake yawo da tawa ba mai saye.

Bayan wata biyu Kawu ya aiko cewa gashin ya fara rufe idanun kuma. Na zagi karen, na zagi likitar da ta haye jirgi ta bar mana shi, na zagi wanda ya fara ƙirƙiro dabbar da ba ta iya rayuwa sai da wanzami. Sannan na hau babur na je, wannan karon na bar zabira a gida. Na tarar yana bin shanu kiwo tare da sauran, kunnuwansa biyu na nan. Ya hango ni ya je ya hau katakon da kansa. Ban yi nadamar askin ba, har yau ban yi ba, amma na dawo gida da ɓacin rai fiye da yadda na tafi.

A cikin watan ne 'yata da ke aure a Danchadi ta haihu, namiji, jikana na farko. Gidan mijinta yana cikin gidajenmu tun zamanin mahaifina. Shi ya yi wa tsohon gidan kaciya, ni na yi wa mijin 'yar tawa askin suna da hannuna. A nan kam ban yi shakka ba. Duk da haka na sayi sabuwar reza a cikin takardarta, na ce zan buɗe ta a gaban kowa don kada zuciyar wani ta yi ɗar. Na wanke babbar rigata, matata ta riga ni tafiya tun kwana biyu.

Na isa da sassafe, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana raba goro. Tsohon gidan, surukina, ya taso da kansa ya tare ni tun kafin in kafe babur. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, muka gaisa muka sake gaisawa, ya yi mini barka na yi masa. Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka shafa. Na miƙe na gyara zabira zan nufi zaure, sai ya sake kama hannuna.

Ya ce, "Haba, yau kai kaka na, ba wanzami ba. Zamna cikin manya ka huta. An samu wanda za ya ɗauke maka."

Ya faɗe ta da fara'a, a gaban mutane, ta yadda in na ƙi ni ne marar kunya. Na zauna. Aka turo mini kwanon fura, aka ƙara mini goro. Daga cikin zaure na ji jaririn ya tsanyara kuka, irin kukan da na sani, na an danna kai da ƙarfi. Wanda aka kira wani ne daga Lambara, na san shi, na san hannunsa da nauyi, kuma ba ya jiƙa gashi yadda ya kamata. Ina zaune da reza a aljihu ina amsa barka, ina jin kowane jan aska a jikina. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan zaman ba.

Da aka gama aka ce in shigo in ga jikana. A soron ciki tsohuwar gidan, kakarsa ta wajen uba, tana zaune da shi a cinya cikin sabon zane. Matata na tsaye a bayanta, ta ƙi haɗa ido da ni. Na durƙusa na duba. Yaro kyakkyawa, goshin mahaifina sak. An bar gashi tsiri-tsiri a ƙeya, kuma a bayan kunnen dama an yanke shi, ɗan jini ya taru yana shirin gangarowa.

Na ce, "An ji mai ciwo."

Tsohuwar ta ce, "Ba komi, za ya warke."

Na miƙa babban yatsana zan danne wurin, yadda na yi wa 'ya'yan mutane ba adadi. Kafin in kai, ta ja gefen zanen a hankali ta rufe masa kai, ta ce iska na kaɗawa.